Sakin Tsuntsun Keji: Tausayi Ne Ko Ganganci?

(Wannan shi ne jawabin da wani dattijo ɗan Sakwa, tsohon malamin gona, ya yi a taron ƙungiya na ƙarshen wata a zangon Agege. Mun buga shi yadda ya faɗa, domin amfanin 'yan'uwan da ba su sami halarta ba.)

 

Shugaba ya umarce ni in yi bayani a kan wata magana da ta taso a zaman da ya wuce, har ta so ta raba kan jama'a. Wani ɗan'uwanmu yana da aku wanda ya shekara tara a gidansa, ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da ci gaba da tsare shi ba, in Allah ya kai mu babbar Salla zai tafi da shi Sakwa ya sake shi a fadama. Wata baiwar Allah kuma ta yi alkawari in ɗanta ya tashi daga ciwo za ta sayi tsuntsaye ta 'yanta su sadaka. Samari da suka ji haka sai suka ce ai sai a bi gida gida a buɗe kejin kowa. Dukkansu niyyarsu kyakkyawa ce, Allah ya ba su ladan niyya. To amma abin tambaya, shi tsuntsun me zai same shi bayan an buɗe masa ƙofa?

Amsata a taƙaice ita ce, ya danganta da wane tsuntsu ne, a ina za a sake shi, kuma a wane lokaci. Mafi yawan tsuntsayen da ke rataye a shagunanmu da tsakar gidajenmu a zangon nan, in aka buɗe musu yau, da wuya su yi sati da rai. Bari in bi abin daki daki.

Da farko, malamai suna nan zaune, su ne masu fatawa, amma akwai abin da duk muka ji a wurin karatu. Ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba, har ma ya lallashe shi ranar da tsuntsun ya mutu. Daga nan malamai suka ce ajiye tsuntsu ya halatta muddin ana ba shi ci da sha. Mun kuma ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa, ta ɗaure ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. To a lura da kyau, sakin da ake magana a nan saki ne na dabbar da za ta iya neman abincinta. Wanda ya saki tsuntsu a inda ba zai iya ci ba, yunwar da zai kashe shi da ita a keji ita ce ya kashe shi da ita a waje, sai dai kawai idonsa bai gani ba.

Yanzu mu duba tsuntsayen da ke hannunmu. Na kasa su kashi uku.

Kashi na farko su ne haifaffun keji, watau waɗanda iyayensu da kakanninsu duk a hannun mutum aka ƙyanƙyashe su. Ƙananan akun nan masu launi-launi, shuɗi da rawaya da kore, da ake sayarwa bibbiyu, asalin wasunsu Ostareliya ne, amma sun yi zuriya bayan zuriya ba su san daji ba. Haka kanarin Turai mai ruwan ƙwai. Irin wannan tsuntsu bai taɓa neman ruwa da kansa ba, kullum a gwangwani yake samu. Bai san shaho ba, bai san shirwa ba, in ya ga muzuru ma ba lalle ne ya tashi ba. Fukafukansa ba su da ƙarfi domin tsawon tashinsa a rayuwa bai wuce kamu biyu ba. Launinsa kuma ya sa ana hango shi daga nesa. Jama'a, ku ɗauki yaron da aka haifa a nan Agege, bai taɓa riƙe fartanya ba, ku kai shi tsakiyar dajin ƙasar Guddiri da rani ku ce masa ga 'yanci nan, ya ci da kansa. Wa zai ce an yi masa alheri? Tattabara ma tana cikin wannan kashi, sai dai ita matsalarta da sauƙi, in ka sake ta gida za ta komo, ko ta bi garken maƙwabci ta jawo muku faɗa.

Kashi na biyu su ne tsuntsayen da aka kamo daga daji, amma ba dajinmu ba. Babban misali shi ne aku mai ruwan toka da jar wutsiya. Saboda mun tashi da labarinsa a Magana Jari Ce, da yawanmu muna zaton tsuntsun ƙasar Hausa ne. Ko kusa. Aku tsuntsun kurmi ne, a Nijeriya ana samunsa a dazuzzukan Kuros Riba da bakin Neja da wajajen Edo, daga nan ya miƙa Kamaru da Kwango. Abincinsa 'ya'yan kwakwar manja ne da 'ya'yan manyan itatuwan kurmi, yana yin sheƙa a kogon itace mai tsawo, yana kuma yawo a garke, manya suna koya wa ƙanana inda ake ci da inda ake kwana. To ɗan'uwa mai niyyar kai aku Sakwa, ina kwakwar manja a Sakwa? Aduwa da magarya da tsamiya muke da su. Ga hunturu mai fasa leɓe, ga zafin bazara. Sa'an nan wannan aku ya saba da mutane, da ya ji yunwa gidan mutane zai faɗa, yana sallama da muryar maigidansa, yaro na farko da ya gan shi zai kama shi, ko a harbe shi saboda jan gashin wutsiyarsa da ake sayarwa. Ko a nan Kudu ma ba a sakin akun da ya shekara tara a ɗaki haka siddan, domin ya manta da aikin daji, garke kuma ba lalle ne ya karɓe shi ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi kuwa wannan kukan gidanka ya iya.

Kashi na uku su ne 'yan ƙasarmu, watau kanarin daji, da tsirya mai doguwar wutsiya, da kurciya, da gauraka. Waɗannan su ne ake iya maganar saki a kansu, da sharuɗɗan da zan kawo. Amma a tuna, kanarin da aka kamo a gonakin Zaki ko Gamawa tsuntsun fili ne mai cin 'ya'yan ciyawa. In ka sake shi a nan tsakanin kwanon rufi da hayaƙin mota da ruwan sama na wata da watanni, baƙo ne, daidai da yadda aku yake baƙo a Sakwa.

Bayan halin da shi tsuntsun zai shiga, akwai abin da zai iya jawo wa wasu, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Na farko cuta. Duk wanda ya shiga kasuwar tsuntsaye ya ga yadda ake jibge keji a kan keji, kaji a ƙasa, agwagi a gefe, kashin wannan yana zuba a ruwan wancan. Tsuntsu yana iya ɗaukar cuta a nan, ya yi kwanaki ba a ga alama ba. Manya za su tuna da watan Fabrairu na 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko da aka ga irin wannan nau'in a duk Afirka. Kafin a ankara ta kai Kano da Filato da jiharmu ta Bauchi, aka yi ta kashe kaji ana binnewa, masu gona da yawa suka karye. A farkon 2007 har rai aka rasa a nan Legas. Ta sake dawowa cikin 2015. Shi kansa aku da danginsa suna da wani zazzaɓi nasu wanda ke kama mutum ta hanyar shaƙar ƙurar kashinsu.

To ku duba inda Sakwa take. Kogin da ya taso daga tsaunukan Jos ya bi ta Jama'are ya ratsa ƙasar Zaki, can gaba ya haɗu da na Haɗeja, suka yi fadamar nan mai faɗi ta Haɗeja da Nguru. Kowace shekara da kaka ta wuce, tsuntsayen ruwa dubbai suna tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su sauka a nan. Saboda su ne aka keɓe Dagona a ƙasar Bade, wadda mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya ziyarta cikin 1989, da kuma Baturiya a jihar Jigawa. Mutumin da ya ɗauko tsuntsu marar lafiya daga kasuwar Legas ya sake shi a bakin wannan ruwa, bai san iyakar inda abin zai tsaya ba. Kafin ma a je ga tsuntsayen Turai, kajin iyayenmu mata da zabinsu suna nan suna kiwo a bakin fadama, kuma kowa ya san su ne asusun mace a ƙauye, da su take sayen magani da sabulu.

Na biyu, wani lokaci tsuntsun da aka saki ba ya mutuwa, sai ya yaɗu ya zama bala'i. Cikin 1890 wani mutum ya saki wasu baƙaƙen tsuntsayen Turai kamar sittin a wani lambu a birnin New York, yau sun zama miliyoyi a Amurka, suna cinye amfanin gona suna ƙwace sheƙar tsuntsayen ƙasar. A Landan kuwa, dangin tsiryar nan tamu da suka kuɓuce daga keji ko aka sake su sun hayayyafa dubbai a lambunan birnin, suna takara da 'yan gida a kan kogon itace. Mu mutanen fadama ba sai an yi mana bayanin ɓarnar tsuntsu ba. Tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Challawa cikin 1992 tafiyar ruwa ta canja, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya sami wurin kwana, manomin shinkafa da gero ya san abin da yake gani, har sai an kawo jirgin sama ya yi feshi. Jan baki namu ne, Allah ya halicce shi a nan. Bai kamata mu ƙaro wani da hannunmu ba.

Yanzu ga maganar baiwar Allah mai alkawarin sayen tsuntsaye ta saki. Hajiya, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Amma ina roƙon ki duba wannan lissafi. In kika je kika sayi tsuntsu ashirin kika saki, mai sayarwa ya ga ciniki ya yi kyau, gobe zai aika gida a kamo masa arba'in. Kafin arba'in ɗin su iso nan, wasu sun mutu a raga, wasu sun mutu a cikin kwali a bayan tirela, domin tafiya ce ta kwana da yini. Kuɗin sadakarki su ne suka biya mai tarko. Wanda ya taɓa zuwa Dakar ya ga yadda abin ya zama sana'a, masu yawo da keji cike da ƙananan tsuntsaye suna bin titi, mutum ya saya ya saki don neman sa'a, su kuwa su koma daji su kamo wasu. Keji ba ya taɓa zama fanko a can. Shawarata ki tuntuɓi malamai a kan yadda za ki cika alkawarinki ta hanyar da ba za ta ƙara wa tsuntsaye wahala ba.

Kada kuma a ɗauka cinikin nan ƙarami ne. A ƙarshen watan Yuli na 2025, nan kusa da mu a filin jirgin sama na Ikeja, jami'an kwastan sun kama tsuntsaye 1,620, tsirya da kanari, za a fita da su Kuwaiti ba da takardun izini ba. Tsirya da kanari fa, jama'a, tsuntsayen da muka taso muna gani a gonakinmu. Aku kuwa an kama shi har ya kusa ƙarewa a wasu ƙasashe. A Gana masu bincike sun gano cewa tun daga 1992 ƙasar ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akunta. Shi ya sa a taron ƙasashen duniya da aka yi a Johanasbag cikin 2016 aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Mu ma a gida an kafa dokar soja mai lamba 11 ta 1985 a kan fataucin namun dajin da ke neman ƙarewa, an kuma ƙara mata tsanani cikin 2016. Ina faɗin wannan domin 'yan'uwanmu direbobi da ake ba su kwali su kawo, kada wani ya shiga hannun hukuma a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba.

Dattawan da ke nan za su shaide ni a kan gauraka. A da in ka fita fadama da sassafe za ka ji kukansa, ka gan su bibbiyu suna rawa. Yau ana cewa tsuntsun ƙasa ne na Nijeriya, amma ya kusa ɓacewa daga dajin ƙasar, an fi ganinsa a tsakar gidajen masu kuɗi an yanke masa fiffike. Fadama ta ragu, masu kamu kuma suka ƙarasa sauran. Jikokinmu da yawa ba su taɓa ganinsa ba.

To yaushe ne saki yake da kyau? In tsuntsu ɗan ƙasarmu ne, an kamo shi da girmansa, bai daɗe a keji ba, kwanaki ko 'yan makwanni, wannan a mayar da shi, akwai lada in Allah ya so. Amma a bi ƙa'ida. A duba gashin fukafukansa, domin masu kamu sukan fige shi ko su datse, in haka ne sai a jira sabo ya fito, wanda yakan ɗauki watanni. A duba lafiyarsa, ido garau, ba ya zawo, ba ya kumbura gashi yana gyangyaɗi. A keɓe shi nesa da kaji kamar wata guda, in da hali a nuna wa malamin dabbobi. A sa shi a keji mai faɗi ya motsa fukafuki, a riƙa ba shi abincin da zai tarar a daji, gero da 'ya'yan ciyawa irin su harƙiya da burburwa. A sake shi a yankin da aka kamo shi, inda ake ganin 'yan'uwansa, kusa da ruwa da itatuwa. A yi da safe, ba da magariba ba, domin ya sami yini guda ya nemi wurin kwana. Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen damina zuwa kaka, sa'ad da ciyawa ta zuba 'ya'ya, ba tsakiyar bazara ba. In suna da yawa a sake su tare. Kada a jefa shi sama, a buɗe ƙofa a koma gefe, a bar kejin a wurin da ɗan abinci na 'yan kwanaki ko zai dawo. 'Ya'yan da aka ciro daga sheƙa kuwa, in uwar tana nan a mayar mata nan take, haka Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbansa su yi a wata tafiya da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta.

Wanda nasa bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, to amana ce ta hau kansa, sai ya riƙe ta da kyau. Mai aku ya sani tsuntsun nan yakan yi shekara 40 ko fiye, yana iya binne maigidansa, saboda haka a san wanda zai gaje shi. A faɗaɗa masa keji, a sa shi a inuwa nesa da hayaƙin janareto da na kicin, a canja ruwa kullum, a ba shi 'ya'yan itace da ɗanyen manja na kwakwa, ba gyaɗa kaɗai ba. Kada a ba shi goro ko shayi ko fiya, suna cutar da shi. A riƙa zama da shi ana yi masa magana, domin kaɗaici ne ke sa shi fige gashin kansa. In mutum ya ga ba zai iya ba, ya miƙa shi ga masu aikin. Akwai gidauniyar NCF a Lekki da za a iya neman shawararta, akwai hukumar gandun daji ta ƙasa wadda ita aka ce za a miƙa wa tsuntsayen Ikeja. A Limbe ta Kamaru akwai cibiyar da ta karɓi aku sama da dubu da aka ƙwace daga hannun 'yan fasa-ƙwauri, ta yi jinyarsu watanni, gashinsu ya fito, sa'an nan ta saki masu lafiya garke garke a kurmi. Kun ga aikin yana bukatar likita da wuri da haƙuri.

A ƙarshe ina da roƙo guda uku ga ƙungiya. Na ɗaya, mu daina sayen tsuntsun da aka kamo daga daji, ko don ado ko don saki, mai sha'awar kiwo ga tattabara nan, ga haifaffun keji. Na biyu, in mun je gida Salla mu yi magana da masu unguwanni da dagatai a kan samarin da ke ɗana raga don 'yan kasuwa, kuɗin da ake ba su bai kai kashi kaɗan na abin da ake sayar da tsuntsun a waje ba, a nema musu abin yi a noman rani ko su. Na uku, samarinmu masu son buɗe keji, ku mai da ƙarfin nan ga zagayawa kuna duba kejin da ba ruwa da wanda aka bari a rana, ku yi wa mai shi nasiha cikin ladabi.

Mu Hausawa mun gaji zama da tsuntsu ba tare da keji ba. Shamuwa tana zuwa da farkon damina ta yi sheƙa a itacen tsakiyar gari, ba mai taɓa ta, yaro ma in ya ɗauki dutse manya za su tsawata masa, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta ta koma kudancin Afirka, baɗi ta dawo. In muka yi wa kanari da tsirya da gauraka irin wannan mutunci, ba za a sake tara mu a kan wannan tambaya ba.

 Wanda ke da tsuntsu yana son a duba masa wane kashi yake ciki, ya same ni bayan an tashi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya zaunar da zangonmu da garuruwanmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.